Babbar Talabijin Mai Intanet: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Biya

A shagon kayan wuta kowace talabijin kyakkyawa ce. An jera su a bango, ana nuna tsuntsaye da 'ya'yan itatuwa masu sheƙi. Wannan bidiyon kamfani ne ya shirya shi musamman don talla, kuma an ƙure hasken allon don ya ja ido. Abin da za ka gani a falonka ya dogara ne da tambayoyin da mai shago ba lallai ya yi maka ba: me kake kallo, ta ina hoton yake shigowa, kuma yaya wutar unguwarku take.

Mene ne 4K da ake ta faɗa?

Hoton da ke kan allo tarin ƙananan ɗigo ne masu haske, kowanne da launinsa. Kamar ɗinkin hula ne: idan zaren siriri ne kuma ɗinkin ya matsu, zanen ya fi fitowa sarai. Allon da ake kira Full HD yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato miliyan 2 da 'yan kai. Na 4K kuwa 3840 ne a kwance da 2160 a tsaye, fiye da miliyan 8, ninki huɗu ke nan. Idan ka ga an rubuta UHD a kwali, 4K ɗin ake nufi. Akwai kuma 8K, amma abin kallon da aka ɗauka da shi bai taka kara ya karya ba, don haka bar shi inda ka gan shi.

Duk abin da na kunna zai fito da wannan kyawun?

A'a, kuma a nan ne mutane da yawa suke cizon yatsa. Talabijin ba ta ƙirƙiro hoto, abin da aka ba ta take nunawa. Yawancin tashoshin da ke zuwa ta dikodar DStv, GOtv ko StarTimes ba su kai 4K ba: wasu HD ne, wasu ma ƙasa da haka. Idan irin wannan hoton ya shigo, sai talabijin ta shimfiɗa shi, ta cike gurbin ɗigon da babu da kintace. Mai kyau tana iya yin wannan aikin ba laifi. Mai araha kuwa sai ta bar maka fuskokin mutane sun yi dishi-dishi, kuma girman allon ya ƙara tona aibin. Tsohon fim ɗin Kannywood da ka saba kallo lafiya lau a ƙaramar talabijin zai iya zama abin takaici a allo mai inci 65.

4K na gaske yawanci ta intanet yake zuwa, a YouTube ko Netflix, kuma yana shan data. Netflix da kansa ya ce ana buƙatar saurin megabit 15 a daƙiƙa, kuma awa ɗaya na iya cinye har gigabait 7, alhali HD bai wuce 3 ba. Fim na awa biyu zai iya lashe gigabait 14 ke nan. Sannan sai ka kasance a kan tsarinsu mafi tsada kafin su ba ka 4K ɗin. Idan datar wayarka kake jonawa, yi wannan lissafin tun kafin ka bar gida.

Wannan bai sa a fasa sayen 4K ba, domin daga inci 50 zuwa sama kusan duk abin da ke kasuwa 4K ne. Abin yi shi ne ka sa fim ɗin da ka saba kallo a filash, ko ka ce a jona maka dikoda a shagon, ka ga yadda kowacce take nuna shi.

Inci nawa ya dace da ɗakina?

Ana auna inci ne daga kusurwar ƙasa zuwa kusurwar sama ta ɗaya gefen, ba faɗi ba. Mai inci 55 faɗinta kusan santimita 122 ne, mai 65 kusan 144, mai 75 kusan 166. Auna bangon ko teburin da abin awo kafin ka fita.

Sai nisan wurin zama. Idan tsakaninka da bango bai kai mita 2 ba, inci 43 zuwa 50 sun ishe ka. Mita 2 da 'yan kai, inci 55. Mita biyu da rabi zuwa 3, inci 65 ko 75. Wanda yawancin kallonsa tashoshin dikoda ne gara ya tsaya a ƙaramin cikin biyun. Kada kuma a kafe ta can kusa da silin kamar yadda aka saba. Tsakiyar allon ya kamata ya yi daidai da idon wanda ke zaune, balle a gidan da yara da baƙi suke zama a kan kafet.

LED, QLED, OLED: ina bambancin?

LED ita ce gama-gari. Akwai fitilu a bayan allon ko gefensa da ke haskaka hoton gaba ɗaya, shi ya sa baƙinta ba ya yin baƙi ƙirin, musamman da dare. QLED irinta ce, sai dai an ƙara mata wani shimfiɗi da ke inganta launi da haske. Mini-LED kuma fitilun ne aka ƙanƙanta aka yawaita, ta yadda za a dushe wani sashe na allon a bar wani da haske.

OLED daban take. Babu fitila a baya, kowane ɗigo shi ke kunna kansa ya kashe kansa, don haka baƙinta baƙi ne na gaske, kuma ko daga gefe ka zauna hoton ba ya koɗewa. Ta fi sauran tsada, kuma idan aka bar tasha ɗaya kullum na sa'o'i masu yawa, tambarin tashar zai iya barin tabo a allon. Ga gidan da talabijin ke wuni a kunne, ko falo mai manyan tagogi da rana ke shigowa, ni QLED zan zaɓa.

Za ka kuma ga an rubuta HDR. Ma'anarsa wuri mai haske ya yi haske sosai, mai duhu ya yi duhu, ba tare da abin da ke ciki ya ɓace ba. Sai allo mai ƙarfin haske yake iya nuna shi. Masu araha da yawa suna ɗauke da sunan ne kawai.

Me "simat" yake ƙara mini?

Talabijin simat tana da 'yar kwamfuta a ciki, tana hawa intanet, tana buɗe manhajoji kamar waya. Kowane kamfani da tsarinsa: Samsung na amfani da Tizen, LG da webOS, Sony da TCL yawanci Google TV, Hisense kuma galibi VIDAA. Karɓi rimot ɗin ka buɗe YouTube, ka fita, ka shiga wata manhajar. Wadda take nawa tun tana sabuwa, bayan shekara biyu sai ta gwada haƙurinka.

Leƙa bayanta ka ƙirga ramukan HDMI, inda ake jona dikoda da na'urar wasa. Uku shi ne mafi ƙaranci da zan yarda da shi. Talabijin na yanzu sirara ne, lasifikarsu ba ta da ƙarfi, don haka duba ko ɗaya daga ramukan an rubuta masa ARC, nan ake jona ƙarin lasifika. Masu PlayStation 5 su nemi HDMI 2.1 da allo mai sauya hoto sau 120 a daƙiƙa. Kuma tunda intanet ta shigo falo, sa lambar sirri a kan abin da ba ka so yara su buɗe.

Wutar gidana za ta ɗauka?

Mai inci 55 tana jan wajen wat 100, ƙasa ko sama da haka gwargwadon hasken da ka sa, kuma ainihin adadin yana rubuce a takardar da ke manne a bayanta. Mai sola ko inbata ya duba wannan lambar da kyau. Abin da ya fi kashe talabijin shi ne wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, da hawa da saukar janareta. Sayi sitabilaiza ko na'urar kariya mai jinkirta shigar wuta a ranar da ka sayi talabijin ɗin, domin garanti yawanci ba ya ɗaukar ɓarnar wuta. Idan hadari ya haɗo da tsawa, cire fulogi da wayar eriya.

Mai sayen ta-hannu da aka shigo da ita daga Amurka ya yi hattara: wutarsu bolt 120 ce, tamu 220 zuwa 230. Kada ka saya sai ka ga an rubuta 100–240V a bayanta. Tsarin kama tashoshinsu na eriya ma ba irin namu ba ne.

Nawa zan kashe, kuma ta yaya zan gane jabu?

Farashi yana bin dala, don haka duk lambar da aka faɗa maka wata uku da suka wuce ta tsufa. Tambayi shago uku a kan samfuri ɗaya, da lambarsa, ba sunan kamfani kawai ba. A cikin kasafin ka sa sitabilaiza, ƙarfen kafewa a bango, kuɗin mai kafewa da datar wata-wata.

Jabu kuwa suna nan, daga Alaba ta Legas har Sabon Gari ta Kano: allo maras suna da aka liƙa wa tambarin babban kamfani. Idan aka kunna "Samsung" ko "LG" ka ga Android ta buɗe, ka ajiye ta. Lambar na'urar da ke jikin kwali dole ta yi daidai da ta bayan talabijin da wadda ke cikin saitinta. Sa a kunna maka farin hoto zalla, sannan baƙi zalla, ka matso kusa ka nemi ɗigon da ya mutu ko layin da ya ratsa. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar, ka tambayi inda ake gyaran garanti a garinku. Wajen kai ta gida a tsaye ake ɗaukarta cikin kwalinta, domin idan aka kwantar da babban allo a bayan a-daidaita-sahu, rami ɗaya ya isa ya tsaga shi.