Garhanga: Kiɗan Kaka a Bakin Tabki

Ƙasar Garhanga tana cikin Adar, a gundumar Keita ta jihar Tawa. Ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka. Ruwan sama in ya faɗi bisa tudu ba ya zama, sai ya gangaro da gudu ya bi ƙorama. Inda ya samu wurin tsayawa nan ne tabki, kuma nan ne abincin rani yake: shayar da bisashe, lambun albasa da tumatir, bugun tubali, wani wuri har da kamun tarwaɗa.

Idan kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, tabki kuma yana cike, lokacin wasa ya zo ke nan. Bayan sallar lisha, in da farin wata, sai a ji kalangu daga dandali. Ƴan mata su fito su ja layi, samari su tsaya gefe da fitilu, tsofaffi mata su shimfiɗa tabarmi daga baya suna kallo. Masu tallar ƙosai da gyaɗa su ma sun san daren nasu ne.

Makaɗan ƴan gari ne. Da damana suna gona kamar kowa, da hauya a kafaɗa. Yawancinsu gadon kiɗan suka yi, uba ya bar wa ɗa ganga da gula. Babu albashi, babu mota, babu wanda ya taɓa jin su a rediyo. Sunan Ɗan Gurmu ya kai ko'ina cikin Nijar, har aka sa wa gasar mawaƙa ta Tawa sunansa; amma a bayan kowane mawaƙi irinsa akwai makaɗan ƙauye da yawa waɗanda sunansu bai wuce kasuwar mako ba. Abin da suka mallaka shi ne sanin mutane. Makaɗin gari ya san uban kowa da kakan kowa, ya san taken maƙera da na mahauta, ya san wanda ya yi dami ɗari bana da wanda gonarsa ta ƙi.

Da wannan sani ne kuɗi ke fita. Makaɗi ya kama taken saurayi, maroƙi ya ɗaga murya ya kira sunan gidansu. Saurayin ba ya iya zama. Sai ya shigo fili ya yi kari, ya liƙa wa mai rawa ko mai kiɗa a goshi. Maroƙi ya faɗa wa jama'a abin da ya bayar, dala nawa ne ko jika nawa. Abokin hamayyarsa na jin haka ya sa hannu aljihu. Haka ake yi a wurin buki ma, inda ake shelar gudummawar kowa a gaban mutane, don wanda aka yi wa ya san abin da zai rama wata rana.

Gangar nan kuma ita ce ta gayya. Idan mutum ya tsufa ko ciwo ya kwantar da shi, ciyawa na neman cinye gonarsa, akan kira samarin gari. Makaɗi na biye da su kunya bayan kunya, yana zuga wanda ke gaba, yana yi wa na baya zambo. Aikin da zai ci mutum ɗaya kwana goma sai a gama shi kafin azahar.

Lokacin da Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, ƙasa na fama da barin fari. Gwamnatinsa ta ɗauki wannan tsohuwar al'ada ta samariya ta ba ta tsari tun daga unguwa har Yamai. Kowane gari da sarkin samarinsa. Samariya ta gina azuzuwan lakwal, ta share garuruwa, ta dasa itatuwa ranar 3 ga Agusta. Da dare kuma ita ce mai wasa, ita ke shirya rawa da waƙa da wasan kwaikwayo, waɗanda suka yi fice su tafi bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara a Damagaram a 1976. Masu suka sun ce an mai da samariya ƴar amshin shatar gwamnati, kuma akwai gaskiya a ciki. Duk da haka azuzuwan an gina su. Da guguwar dimokuraɗiyya ta taso a farkon shekarun 1990 tsarin ya watse, samari suka koma fada da shan shayi.

A 1984, shekarar wani babban fari, aka buɗe furojen Keita da kuɗin ƙasar Italiya, tare da hukumar FAO da hukumar abinci ta PAM. Mutanen Keita da Tamaske da Ibohaman da Garhanga ba su manta da shi ba. An haƙa ramuka a jikin duwatsu don tare ruwa, an jera duwatsu a faƙo, an ɗaure ƙoramu da kejin waya cike da dutse, an yi madatsu. Cikin kimanin shekara 20 an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an raya ƙasar da ta mutu fiye da hekta 34,000. Mata ne suka yi mafi yawan aikin, da duwatsu a kai, ana biyan su da abinci, domin mazan suna wurin biɗa. A kwarin Majiya na ƙasar Buza kuwa, tun 1975 aka fara jera dogon yaro layi-layi don kare gonaki daga iska.

Furoje ya ƙare, motocinsa sun tafi. Madatsun da tafkunan suna nan, kuma suna da maƙiyi wanda ba ya hutu, wato rairayi. Kowace damana ƙorama na kwaso ƙasa daga tudun da ba ciyawa ta zube ta a gindin ruwa. Tabki ya rage zurfi, ruwan ya baje, rana da iskar hunturu su shanye shi da wuri. Tabkin da ke kai mutane bazara sai ya ƙafe albasa ba ta ƙosa ba. Madatsar Ibohaman, wadda ta girmi furojen Keita, ta sha wannan wahala. Babban tabkin Tabalak ma, da ke kan hanyar Tawa zuwa Agadas, wanda aka sa cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya a 2005, rairayi na cin sa.

Wani gyaran hannu kawai yake so, gayya ta ishe shi. Wani kuwa sai da kuɗi. Wayar keji in ta tsinke ba a ɗaure ta da igiyar kaba. Siminti saye ake yi, mai amalanke biyan sa ake yi. Ɓarakar da jika kaɗan za ta toshe a watan Nuwamba, in an bar ta ruwan Agusta ya same ta, sai ta zama aikin da gari ba zai iya ba.

A nan ne daren wasa ke da amfanin da ba a cika lura da shi ba. Adar ƙasar ƴan biɗa ce. Da an gama girbi samari na ɗaure kaya, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya. Ƴan makwannin da ke tsakanin girbi da tafiya su ne kaɗai lokacin da gari ke cike kuma aljihu ke da nauyi. Dare ɗaya cikin waɗannan, in dattawa sun yarda, ana iya ajiye tasa biyu a dandali: ta makaɗa da ta tabki. Hakkin makaɗi ba a taɓa shi, don wanda aka hana ladarsa bana ba zai ɗauko ganga baɗi ba. Tasar tabki kuwa a ƙirga ta a gaban jama'a kafin a watse, wanda ya iya rubutu ya shigar da ita littafi, a karanta a ƙofar maigari da safe. Asusun gari da yawa sun mutu ne saboda an ƙirga kuɗin a ɗaki.

Akwai malamai da ba su son cakuɗar maza da mata cikin dare, kuma a wasu garuruwa maganarsu ta rage wasan dandali ƙwarai. Inda haka take, ana iya yin sa da la'asar, ko a haɗa shi da kokowa, wadda Adar ta daɗe da saninta. A Tawa ne ma aka yi gasar takobi ta farko a 1975.

Babbar matsalar ta makaɗan ce da kansu. Da yawa sun tsufa, ƴaƴansu sun fi son biɗa da gadon ganga. A wurin buki yanzu sau da yawa lasifika ake hayowa, a sa waƙoƙin Kano daga wayar salula. Ƴan mata na rawa da su, ba laifi. Sai dai lasifika ba ta san sunan uban kowa ba, ba ta san wanda ya dawo daga Abijan da sabon babur ba, balle ta kira shi tsakiyar fili ya nuna abin da ya samo.