Farfaɗiya da Abinci: Shin Tukunya Ce Ke Tayar da Ciwon?

Bayan sallar magariba a wani gida a Kiyako, yara sun zagaye kwanon tuwon dawa da miyar kuɓewa, hannu na shiga hannu na fita. Can gefe, kusa da rumbu, wani yaro ɗan shekara goma sha biyu yana zaune shi kaɗai da nasa ɗan kwanon. Miyarsa babu yauƙi, babu nama. Moɗar shan ruwansa ma daban ce, an ɗaura mata zare don kada wani ya yi kuskuren ɗauka. Farfaɗiya gare shi. Tun ranar da ya fara faɗuwa kowa da abin da ya ce a hana shi. Kakarsa ta ce kuɓewa, wai yauƙinta ne ke fita a bakinsa in ciwon ya tashi. Kawunsa ya ce naman akuya, maƙwabciya ta ƙara da tarwaɗa da ƙwai. Mahaifiyarsa duk ta kiyaye, ciwon kuwa bai fasa zuwa ba, sai dai yaron ya rame.

Irin wannan gida suna da yawa a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, kuma babu mai yin haka da mugunta, neman sauƙi ne ya kawo shi. Don haka ya dace a yi tambayar a fili: akwai abincin da ke tayar da farfaɗiya?

Kafin amsa, sai a san mazaunin ciwon. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana aiki ne da wasu ƙananan saƙonnin lantarki da ke kai da kawowa tsakanin jijiyoyinta cikin tsari. Idan wani sashe nata ya saki wannan lantarki gaba ɗaya, kamar yadda wuta kan zo da ƙarfi a gida ta rikita kayan aiki, sai mutum ya sume, ko ya sandare, ko ya yi ta jijjiga. Wani ma ba ya faɗuwa, sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu, a kira shi bai ji ba. Kumfar da ake gani a baki yawu ne da ya kasa haɗiyewa, numfashi ya kaɗa shi. Babu ruwansa da kuɓewa, kuma ba a ɗaukar farfaɗiya ta cikinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A yankinmu, abubuwan da suka fi barin tabo a ƙwaƙwalwa sanannu ne: doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, buguwar kai a haɗarin babur, shanyewar ɓarin jiki, da kuma sanƙarau. Manya ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, akasari a Arewa, ta kashe sama da 11,000. Cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda ta bar wa kurumta, akwai waɗanda ta bar wa farfaɗiya. Wani kuma gado ne, wani har a gama bincike ba a gano sila ba.

To, ina matsayin abinci? Likitoci ba su samu hujjar cewa kuɓewa, ko kuka, ko naman akuya, ko kifi, ko ƙwai, ko man gyaɗa na jawo farfaɗiya ko tayar da ita ba. Abin da kan rikita mutane shi ne haɗuwar lokaci. Yaro ya ci tarwaɗa da rana, ya faɗi da dare, sai a ɗora wa kifi laifi, an manta cewa daren jiya ya kwana a wajen kallon biki bai runtsa ba, ko maganinsa ya ƙare tun shekaranjiya. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Amma akwai wuraren da abin da ke shiga baki yake da hannu da gaske, kuma su ya kamata a sa wa ido. Na farko yunwa. Ƙwaƙwalwa da sikarin jini take aiki, idan ya yi ƙasa sosai ko mai lafiya yana iya jijjiga. Ke nan wanda aka hana rabin abincin gida har ya riƙa kwana da yunwa, an ƙara kusantar da shi ga abin da ake gudu.

Na biyu guba da ta shiga abinci. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara sun yi ta jijjiga suna mutuwa, har aka rasa aƙalla 400. Da aka bincika, sai aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa da hannaye da kwanuka ta shiga cikin yara. Mu manoman wake ne, don haka wannan darasi ya shafe mu ta wata fuska. Wasu kan zuba maganin ƙwari irin su Sniper a buhun wake don kada ya huje, wasu kan zuba guba a ruwa don kama kifi. Irin waɗannan magunguna jijiyoyi suke taɓawa, kuma idan sun yi yawa a jiki suna haddasa amai, dalalar yawu da jijjiga. Saboda yawan irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Wake bai yi laifi ba, abin da aka zuba masa ne. Buhu mai leda biyu a ciki, wanda ake ɗaurewa iska ba ta shiga, yana adana wake ba tare da ɗigon magani ba.

Na uku abubuwan sha. Giya tana tayar da ciwon, musamman washegarin da aka sha. Tiramol da matasa ke haɗiya don su jure aikin gona ko tuƙin babur sananne ne wajen sa jijjiga, ko ga wanda bai taɓa faɗuwa ba. Shayi mai kauri, kofi, goro da lemukan ƙara kuzari, in an sha daidai misali, yawanci ba matsala, amma in an cika su suna hana barci, rashin barci kuwa babban abokin farfaɗiya ne. Sannan mai shan maganin farfaɗiya na Tegretol ya guji garehul, domin yana sa maganin ya taru a jini fiye da ƙima.

Akwai kuma wani nau'in farfaɗiya da ba kasafai ake samu ba, wanda ke tashi yayin cin abinci, an fi ba da labarinsa a Indiya da Siri Lanka. Shi ma galibi taunawa da haɗiya ne ke motsa shi. A ɗaya ɓangaren, tun 1921 likitoci a Amurka suka fito da wani tsarin abinci mai yawan kitse da ƙarancin hatsi don yaran da magani ya ƙi yi musu aiki. Ka ga nan ma maiƙon da muke hanawa shi aka mayar magani. Sai dai awo ake yi a asibiti, ba abin gwadawa a gida ba ne.

Abin da ya fi tayar da ciwon shi ne tsallake magani. Daga shi sai rashin barci, zazzaɓi da damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace suna sha kullum. Kada a daina don an ga sauƙi, likita ne kaɗai zai rage shi a hankali, galibi bayan shekara biyu ba a faɗi ba. Kafin watan azumi a je a tambayi likita yadda za a tsara sha tsakanin sahur da buɗa-baki, in ya ce ba zai yiwu ba, addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Mace mai niyyar ɗaukar ciki ta sanar da likita tun da wuri, domin wasu magungunan suna cutar da ɗan tayi. Wanda kuma yake zargin wani abinci, ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar da aka faɗi, abin da aka ci, yadda aka yi barci, da ko an sha magani. Wannan littafi zai fi ji-ta-ji-ta amfani a gaban likita.

Idan ciwon ya tashi, a janye mutum daga murhu, rijiya ko kududdufi, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi ya kwanta ta gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a danne shi. Idan jijjigar ta wuce minti biyar, ko tana dawowa bai farfaɗo ba, a garzaya asibiti. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu tana kusa, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ga wanda aka tura gaba.

Iyaye, malamai da masu unguwanni, ku taimaka a kwance zaren nan daga moɗar yaron. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko ta kwano, ko ta taɓa jiki. A kai shi asibiti, a tabbatar yana shan maganinsa kullum, a bar shi ya yi barci isasshe, sannan a matsa masa wuri a cikin 'yan'uwansa ya ci tuwo da miyar kuɓewa har ya ƙoshi.