Murar tsuntsaye: Yadda ƙwayar cutar ke ƙera kanta a jikin kaza

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a gonar kaji ta Sambawa da ke Jaji, Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Batun ya shafi masu kiwo a Potiskum kai tsaye, domin wani ɓangare na dausayin Hadeja da Nguru yana cikin Jihar Yobe, kuma can agwagin daji daga Turai ke sauka da hunturu. Irin waɗannan tsuntsaye kan ɗauki ƙwayar mura ba tare da sun nuna alamar ciwo ba.

Ƙwayar ba ta iya hayayyafa da kanta. Abin da take shiga da shi jiki umarni ne a gutsure takwas, sai ta tilasta wa ƙwayoyin halittar kazar su ƙera mata furotin. Kowane furotin yana fitowa ne kamar dogon zare, kuma ba ya aiki sai an naɗe shi daidai. Abin mamaki, ma'aikatan naɗin na jikin kazar ne, su ne kuma ke tsare wanda ya karkace su lalata shi.

Haruffan H da N a sunan cutar furotin biyu ne. Guda uku na H ke haɗuwa su zama ƙugiyar da ke maƙale wa sabuwar ƙwayar halitta. Guda huɗu na N ke zama almakashi. Su taru a fatar ƙwayar halittar, gutsuren nan takwas su biyo, fatar ta kumbura kamar ƙurji, almakashin ya tsinke abin da ke riƙe da sabuwar ƙwayar, ta fice. Wannan almakashin ne maganin Tamiflu ke toshewa.

Tsananin cutar ya rataya ne a kan yanka guda. Ƙugiyar H ba ta aiki sai an tsaga ta biyu. A mura mai sauƙi, sinadarin da ke tsagawar yana hanyar numfashi da hanji kaɗai. A H5N1 mai kisa kuwa, wurin yankan ya sauya, har sinadarin da ke kusan ko'ina a jiki yana iya yanka shi. Shi ya sa cutar ke kai wa zuciya da ƙwaƙwalwa, a wayi gari kaji sun mutu birjik.

Idan nau'i biyu suka shiga ƙwayar halitta ɗaya, gutsurensu na iya cakuɗuwa, sabon nau'i ya fito. Haɗa kaji da agwagi da zabi a keji ɗaya ranar kasuwa yana buɗe wannan ƙofa.

Zafi yana warware naɗin furotin, don haka naman da ya dahu har ciki, zuwa digiri 70 na ma'aunin Selsiyas, ba shi da haɗari. Haɗarin yana wurin yanka da figa. Idan kaji suka fara mutuwa ba zato, jami'an lafiyar dabbobi ake sanarwa, su aika samfuri zuwa Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, Jihar Filato.