Albashi Ya Ƙaru, Ina Rabon Ɗan Ƙodago?

'Yan'uwa manoma, kun sha jin gardamar albashi a rediyo. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, ma'aikata suka yi yajin aiki a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, aka yanke mafi ƙarancin albashi Naira 125 a wata. A 2011 ya zama Naira 18,000, a 2019 kuwa 30,000. Da aka janye tallafin man fetur a 2023, kome ya yi tsada, gardama ta sake tashi. Waɗansu gwamnoni suka ce ƙarin ya fi ƙarfinsu, ma'aikata suka ce albashin ba ya kai su ƙarshen wata. A watan Yuli 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan Naira 70,000.

Amma dokar nan ba kowa ta shafa ba. Ta ware wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, da mai aikin jinga, da mai aikin lokaci-lokaci kamar na gona. Watau ɗan dako a kasuwar Shinkafi, da mai noman ƙodago a Zurmi, da matar da ke sussuka a Ƙaura Namoda, duk ba su cikin lissafi. Da yawansu kuwa manoma ne irinmu, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Mai jin yunwa ba ya iya taya aiki da kyau, abin da aka miƙa masa shi yakan karɓa.

To, mu ne masu ɗaukarsu aiki, nauyin kuwa yana wuyanmu. Gaskiya ne taki ya yi tsada, ƙaramin manomi ma yana cikin matsi. Duk da haka ƙungiya tana iya abin da mutum ɗaya ba ya iyawa. Kafin shuka, ku zauna ku yanke ladan yini, kada wani ya biya ƙasa da shi. Ku auna shi da tiyar gero, domin in hatsi ya hau, lada ma ya hau. Mace da namiji in aikinsu ɗaya, ladansu ya zama ɗaya. A biya kafin rana ta faɗi, gama Littafin Firistoci 19:13 ya hana hakkin ma'aikaci ya kwana a hannunmu. Wanda ba shi da kuɗin ƙodago, a yi masa gayya.

Shugabannin ƙungiya, ku sa maganar nan a gaba a taronku mai zuwa, ku kira 'yan ƙodagon su faɗi nasu. Allah ya ba mu damina mai albarka.