Hosta Ba Ta Jure Zafin Gobir, Amma Ga Moɗa

Ma'aikaci ko ɗalibin da ya ga hoton hosta a littafin lambu ba zai rasa sha'awarta ba, domin ganyenta faffaɗa ne, kore, da ratsin fari ko rawaya a gefe. Amma kafin mutumin Sabon Birni ko Isa ya zuba kuɗinsa a kanta, ya kamata ya san halinta.

Asalin hosta daga Japan da Sin da Koriya ne. A shekarar 1812 aka laƙaba mata sunan Nicolaus Host, wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya. A ƙasashen da take yi, ganyenta kan mutu da hunturu, saiwar ta kwanta makonni cikin sanyin da ya kusa daskarar da ruwa, sa'an nan ta sake tohowa. Hunturunmu bai kai haka ba, zafin bazara kuwa yakan wuce digiri 40. Saboda haka ko a inuwar dogon yaro aka dasa ta, ramewa za ta yi har ta mutu.

Duk da haka akwai abin koyo a tattare da ita. Farin ratsin nan ba shi da koren sinadarin da tsiro ke haɗa abinci da shi daga hasken rana. Shi ya sa tsiro mai ratsi ba ya saurin girma, kuma rana tsaka takan ƙone shi. Hasken safe da inuwar azahar su ne bukatarsa.

Mai son irin wannan ado a ƙasar Gobir sai ya nemi moɗa, wadda kakanninmu ke murza tsirkiyar baka da zarenta. Tana da 'yar'uwa mai rawayen gefe da masu sayar da furanni ke kira Laurentii. A dasa ta cikin ƙasa mai yashi, a gauraya da ruɓaɓɓen taki, kada a ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe, domin yawan ruwa ke ruɓar da saiwarta.

Wajen yaɗa ta kuwa a yi hattara. In an yanki ganye an dasa, sabon tsiron zai fito ba rawayen gefe. Sai a raba saiwar, kamar yadda ake yi wa hosta. Wanda ya bi wannan hanya ya ƙawata gidansa, bai yi asarar kuɗi ko ruwan rijiya ba.