Tafin giwa, yatsun biri da ƙudajen bakin rafi

Duk wanda ya taɓa bin dillalin citta kasuwar Kwoi ko ta Kachia ya san ba a ciniki da ka. Kawuna yakan zura hannu can cikin buhu, ya zaro guda, ya juya ta, ya ɓantara. Mai kauri, mai ɗorawa-ɗorawa a ciki, tafin giwa ce. Siririya mai duhu, mai yaji sosai, yatsun biri ce. Ni kuwa a lokacin duk citta ce a wurina. Sai ya ce, "Ɗana, kama da wane ba ta wane. Buɗe ido ka duba."

Wannan dubawar ce nake so mu koya game da ƙudajen da ke bakin ruwanmu, don a kudancin Kaduna, inda rafi da kurmi suka wadata, sanin ƙuda ya shafi idon mutum da ran saniya.

Fara da wanda ba shi da laifi. A gefen kududdufi, ko inda ruwa ya kwanta a lambu har gansakuka ta rufe shi, za ka tarar da wasu 'yan ƙudaje baƙaƙe, ba su wuce ƙwayar gero ba, suna tsalle a kan laka. Masana na kiran danginsu Ephydridae. Jikinsu a dunƙule yake, fuskar ta turo gaba, bakin da faɗi. Wani jinsi daga cikinsu, Scatella, idan aka sa shi a gilashin ƙara girma, akan ga ɗige-ɗige masu haske guda 5 a kowane fiffike, kamar an yarfa farar ƙasa a jikin tukunya. Gansakuka suke ci, ba sa cizo.

To, ga inda ake ruɗewa. Akwai wani baƙin ƙuda kusan girmansu ɗaya, wanda shi ruwa mai gudu yake so, irin mai dukan duwatsu yana kumfa kamar na gangaren Matsirga kusa da Kafanchan. A irin wannan ruwa tsutsarsa ke maƙalewa a ganye da dutse. Alamarsa doro: bayansa a tanƙware, fukafukansa masu faɗi, garau, ba ɗigo ko ɗaya. Da rana macen ke cizo, galibi a ƙafa, kuma ita ke yaɗa tsutsar da ke sa ƙaiƙayi mai tsanani, daga baya makanta. Saboda ita aka yi ta rabon Mectizan a ƙauyuka, maganin da kamfanin Merck ya fara bayarwa kyauta a 1987. Raina yakan ɓaci idan na ji an ce duk ƙuda ne, alhali ɗaya ya makantar da dattawa da yawa, ɗayan kuwa laka kawai yake lasa.

Tsando shi ne tafin giwar wannan buhu, don ba ya ɓuya. Ya ɗan fi ƙudan gida, bakinsa tsinke ne da ya miƙe gaba, kuma in ya sauka yakan ɗora fiffike ɗaya kan ɗaya kamar almakashin tela a rufe. Ɗaga fiffiken a hasken rana, za ka ga jijiyoyin tsakiyarsa sun zana siffar gatari, kuma babu wani ƙuda mai wannan zane. Da wannan siffa ma'aikatan cibiyar da ke Kaduna mai binciken sammore, cutar da tsando ke sa wa shanu, ke tabbatar da abin da tarkonsu ya kama.

Makiyayan Ladduga ba sa jiran gilashi. Yadda suka san kowace saniya da ƙahonta da zanen jikinta, haka suka san tsando tun daga zamansa a gadon bayan sa, sai su karkata garke daga kurmin da suka gan shi tun rana ba ta yi zafi ba.