HANYAR JIRGI TA ZAMA TA 'YAN KEKE A GAƁAR TEKUN INGILA

A arewa maso gabashin ƙasar Ingila, cikin lardin Yorkshire, akwai garuruwa biyu na bakin teku, Scarborough da Whitby. Tsakaninsu akwai wata hanya mai tsawon mil 21 da 'yan kai wadda mota ba ta bi, sai masu keke da masu doki da masu tafiya a ƙasa. Mutanen wurin suna kiranta Cinder Track, watau hanyar tokar kwal, saboda da tokar kwal aka daɓe ta tun asali maimakon tsakuwa. Ƙasar wurin tuddai ce da kwazazzabai, gaɓar kuma duwatsu ne masu tsayi da suka tsaya ƙyam bisa ruwa. Duk da haka yaro ɗan makaranta da dattijon da ya yi ritaya suna iya bin wannan hanya a keke ba tare da sun galabaita ba. Dalilin wannan sauƙi yana cikin tarihinta.

Ran 16 ga watan Yuli, 1885, aka buɗe hanyar jirgin ƙasa tsakanin garuruwan nan biyu. Jirgin ƙasa kuwa ba ya hawan tudu yadda jaki ko mota ke yi, domin ƙafar ƙarfe ce bisa ƙarfe. Dole injiniyoyi suka yanka duwatsu, suka cike kwaruruka, suka yi ta kewaye, don hawan ya zo sannu a hankali. Duk da wannan wahala ba su sami yadda suke so ba. Daga wajen Robin Hood's Bay zuwa tashar Ravenscar, wadda take ƙafa 631 bisa teku, hanyar tana tashi ƙafa 1 cikin kowace ƙafa 39 da aka yi gaba. Ga direban jirgi wannan hawa ne mai tsanani. In hazon teku ya jiƙa dogo sai ƙafafun injin su yi ta juyawa wuri ɗaya, wani lokaci har sai an koma baya an sake ɗauko gudu. To, abin da ya zama wa jirgi azaba, ga mai keke abin wasa ne, sai dai ya sauko da giya ya ci gaba da taka feda yana kallon ruwa.

A shekarar 1963 Dokta Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Ingila a lokacin, ya fitar da rahoton da ya ba da shawarar rufe layukan da ba su kawo riba. Wannan layi yana cikinsu, kuma a watan Maris na 1965 jirgin ƙarshe ya bi ta kansa. Aka zo aka cire dogo. A wurare da yawa na ƙasar, filin irin waɗannan layuka yanka shi aka yi gunduwa-gunduwa aka sayar wa manoma da magina, ya ɓace har abada. A nan kuwa majalisar garin Scarborough ce ta saye filin cikin shekarun 1970 ta bar shi a haɗe. Ba wani babban aiki ba ne a ido, shawara ce kurum ta ofis, amma ba don ita ba da yau babu hanyar da za a ba da labarinta.

Sa'ad da ake wannan ciniki, can a Kalifoniya ta Amurka waɗansu samari suna gyaran tsofaffin kekuna, suna sa musu taya mai kauri da burki mai ƙarfi, suna gangarowa daga tuddai. Daga wasansu keken hawan dutse ya samo asali, kuma a 1981 aka fara ƙera shi da yawa don sayarwa. Shi ne keken da ya dace da wannan hanya, gama kwalta ba ta game ta ba. Akwai ramuka, akwai tsakuwa, kuma bayan ruwan sama akwai taɓo. Keken tsere mai siririyar taya ba zai yi nisa ba sai ya nemi faci.

Wanda ya taso daga Whitby, bai yi mil ɗaya ba zai hau gadar Larpool, wadda ta ƙetare kogin Esk. Tsayinta ƙafa 120 ne, tsawonta ƙafa 915, tana da baka 13, kuma an ƙiyasta tubalin da ta ci ya kai miliyan 5. An zaɓi tubali aka ƙi ƙarfe ne saboda a 1879 gadar ƙarfe ta kogin Tay a Sikotland ta rushe da jirgi cike da mutane, tsoron abin kuwa bai bar zukatan injiniyoyi ba. Daga kan gadar ana hangen kangon tsohon gidan ibada na Whitby bisa tudu, da tashar jiragen ruwa inda Kyaftin James Cook ya koyi aikin teku yana saurayi.

Daga nan hanya ta ratsa gonaki ta wuce Hawsker, teku na hannun hagu, har Robin Hood's Bay, kamar mil 6 daga Whitby. Ƙauyen masunta ne wanda gidajensa suka hau kan juna a jikin gangare, kuma a ƙarni na 18 ya yi suna wajen fasa-ƙwauri. Titin da ya sauka cikinsa yana da tsananin gangara, mai hankali yakan bar kekensa a sama ya sauka da ƙafa. Iyali masu ƙananan yara galibi nan suke juyawa.

Mai sauran ƙarfi sai ya kama hawan Ravenscar, wanda shi ne mafi kyaun gani a tafiyar duka. Hanyar tana lanƙwasa tana bin bakin tudu, gaɓar kuma tana buɗewa a ƙasa kamar an shimfiɗa tabarma. A gindin tudun akwai kufan wata ma'aikata inda aka yi shekara wajen 200 ana fitar da alif daga dutse, don masu rini su kama launi a jikin ulu. Tsiron teku da aka ƙona, da fitsarin mutane da ake kawowa cikin ganguna ta jirgin ruwa, suna cikin kayan haɗin.

Ravenscar kansa abin mamaki ne. A ƙarshen ƙarni na 19 wani kamfani ya sayi filin da nufin gina birnin shaƙatawa da zai yi gogayya da Scarborough. Aka shata tituna, aka haƙa magudanan ruwa, aka yanka fuloti aka yi talla. Masu saye suka zo a jirgi, suka tarar da iska mai sanyi, suka ga kuma kafin mutum ya taɓa ruwa sai ya sauka ɗaruruwan ƙafa, a ƙasan ma duwatsu ne ba rairayi ba. Kaɗan ne suka gina. Kamfanin ya karye kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, har yau kuwa ana ganin alamun titunan cikin ciyawa. Daga nan zuwa Scarborough, wajen mil 10, yawanci gangara ce ta cikin itatuwa, ta wuce Hayburn Wyke, inda wani rafi yake zubowa daga dutse kai tsaye bisa gaɓa.

Hanyar ba ta rasa gardama ba. A 2017 ƙungiyar Sustrans, mai kula da tsarin hanyoyin keke na ƙasar, ta gabatar da shirin faɗaɗa ta da gyara daɓenta. Masu goyon baya suka ce ramuka sun hana naƙasassu da mata masu tura keken jarirai amfani da ita. Masu suka kuwa suka ce in ta yi sumul 'yan keke za su riƙa sheƙa gudu su tsorata dawaki da masu tafiya a ƙasa, za a kuma sare itatuwa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, ko da yake wanda ya taɓa tura keke cikin taɓon Disamba zai fi jin ta masu neman gyara. Aka sassauta shirin, aka fara gyaran daga sassan da ke kusa da garuruwan biyu. A watan Afrilu na 2023 aka rushe majalisar Scarborough, hanyar da ɗawainiyarta suka koma hannun sabuwar majalisar North Yorkshire.